Makunnin da Ba Waya a Bayansa

Ni ne na yi laifin, ba Gwaggo Asabe ba, kuma da hankalinta ta bar duniya. Na fara da wannan ne don wanda zai gaji da karatu tun a layin farko ya tafi da abin da ya fi muhimmanci. A sunan da aka yi a gidan nan bara na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba, yana tsokanar ƙanwarsa wai ta bi a hankali kada ta zama Gwaggo mai hira da ƙwan fitila. Kowa ya yi dariya. Na bari sai yanzu, don maganar ba ta tsakar biki ba ce. Lokacin da abin ya faru wasunku suna makaranta, wasu kuma rabin labari suka tsinta a bakin mata. To ga shi duka, yadda ya faru.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifina ce, ita ce autarsu. An kai ta Yako gidan Malam Audu tela, ta haifa masa Rabi da Habibu da wasu da ba su rayu ba. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take ce mini, tun ina yawo ba wando har na yi furfura. Tana goyon Habibu sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, amma ji ya tafi gaba ɗaya. Magana ba ta ɓace mata ba, sai dai ba ta san iyakar muryarta ba, in ta yi maka sirri maƙwabta ma sun samu rabonsu. Ta koyi karanta baki, har ya zama in ka tsaya inda haske yake ka yi magana a tsanake ba abin da zai wuce ta. Abu ɗaya ne ya gagara, sallama. Mutum zai tsaya a soro ya yi ta rafka sallama, ita tana ɗaki tana ɗinkin hula ba ta sani ba. Namiji ba zai kutsa gidan mutane ba. Mace kuma in ta shiga sai Gwaggo ta firgita, don ɗagowa kawai za ta yi ta ga mutum tsaye a kanta.

Shekarar da wuta ta iso unguwarsu ban daɗe da gama koyon wayarin a Bebeji ba. Malam Audu ya aika na zo, ya zaunar da ni a tsakar gida, Gwaggo tana gefe tana tankaɗe.

"Isiya, an ce a gidajen bene akwai fitilar da ake kunnawa a ƙasa a kashe ta a sama. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"To ni ba ni da bene, amma ina da kurma."

"Na gani dai, tela," in ji Gwaggo, ba ta ko daina tankaɗen ba.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ya sani. Na sa makunni ɗaya a soro, ɗaya a ɗakinta dab da gado, na bi da wayoyi biyu tsakaninsu a cikin bututu ta ƙarƙashin tsakar gida. Wuta tana bin ɗaya daga cikin biyun. Duk wanda ya danna nasa makunnin ya sauya mata hanya ke nan: in fitila tana kunne ta mutu, in tana kashe ta kama. Na ɗaura ƙwai biyu a kan layin, ɗaya a soro ɗaya a ɗakin, suna kamawa tare suna mutuwa tare. Ɗakin nata tagarsa ƙarama ce, ko da rana tsaka in ƙwai ya kama sai an gani. Daga ranar, baƙo ya zo ya danna na soro, ya yi sallama ke nan. Ita kuma ta miƙa hannu ta danna nata, ƙwan soro ya sauya a kan baƙon, ta amsa ke nan, a shigo. In ta danna sau biyu a jere, a jira, tana kimtsawa. Ba wanda ya koya wa mutanen unguwa wannan, da kansu suka iya, har mai kawo ruwa. In an ɗauke wuta a koma aiken yara. Bayan Malam Audu ya rasu, Rabi tana aure a Tudun Wada, Habibu ya samu aiki a Fatakwal, abu na farko da ya yi wa uwarsa shi ne sola da batir, don kada fitilar ta ƙara mutuwa. An yi, an yi ta koma wurin ɗaya daga cikinsu, ta ce tana da awaki, tana da zogale, tana da Dije mai nono da ke zuwa mata kowace hantsi daga rugarsu, kuma tana da ƙofar da ita ke cewa a shigo. Ba inda za ta.

Na faɗi duk wannan ne don kada wani ya ce ban san amfanin makunnin ba. Da hannuna na ɗaura shi.

A shekarar da nake magana, gabanin damina, Habibu ya kira ni. Kun san tsakanina da shi wasa ne na ɗan mace da ɗan namiji, bai taɓa kirana ya fara da gaisuwa kai tsaye ba.

"Tsohon hannu, har yanzu da haƙori kake fere waya?"

"Da shi na fere wadda ta haska ka ka yi karatu."

"To ga aikin zamani, in ya fi ƙarfinka ka faɗa in nemo yaro daga Kano. Akwai makunnin da ake dannawa daga wayar hannu. So nake a sa shi a soron Inna. In na tashi da safe in yi mata sallama daga nan, ta danna nata, in gani a wayata ta amsa. Kiran bidiyo wahala yake ba ta, ba ta ganin bakina sosai."

Ya turo mini hotuna biyu, ya ce wanne zai saya. Ban taɓa riƙe irin abin a hannuna ba. Na duba su, duk farare, duk masu sheƙi, rubutun jikinsu ƙanana. Abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba, bari in tambaya. Amma maganar yaro daga Kano tana kunnena. Na ce ya sayi na farkon, shi ya fi ƙarko. Na faɗa kamar na ɗaura ɗari.

Direba ya kawo saƙon tashar Bebeji, na hau babur na tafi Yako. Gwaggo ta tare ni da fura, ita da Dije suna zaune a gindin zogale. Na kashe inbata, na'urar da ke ba gidan wutar sola, na kwance makunnin soro, na buɗe kwalin. Nan take na ga abin da na yi. Ramuka uku ne a bayansa: na waya mai wuta, na nutural wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, na fitila. Nutural ba matsala, na jawo shi daga ƙwan soro. Amma wayoyi biyun da ke zuwa ɗakin Gwaggo ba su da wurin shiga. An yi shi ne don fitila mai makunni ɗaya. Na hoto na biyun, wanda na ƙi, shi ne mai ramin da ake haɗa tsohon makunni. Na tsaya a soron da sukudireba a hannu na ɗan lokaci. Gyaran a fili yake: in mayar da komai yadda na same shi, in kira Habibu in ce na zaɓa maka ba daidai ba. Na hango dariyarsa, na hango yadda zai riƙa ba da labarin a kowane taron dangi har mu tsufa. Ga kuma wani babban aiki da ke jirana a Doguwa, gidan wani ɗan kasuwa, mota za ta ɗauke mu washegari. Sai na shiga ɗakinta na kwance nata makunnin, na zare wayoyin daga bayansa, na haɗa ɗaya kai tsaye da wayar fitila, ɗayar na naɗe ta da baƙin tef na tura ciki. Na mayar da makunnin na ɗaure shi a bango. A ido ba abin da ya sauya. In ka danna yana ƙara kamar da. Ba komai a bayansa.

Habibu ya bi da ni ta waya na sa manhajar makunnin a tawa wayar, na haɗa abin da 'yar na'urar intanet da ya aiko, sannan ya karɓa a tasa. Na shigo da Gwaggo ɗaki na tsaya a bakin ƙofa inda take ganin fuskata, na yi mata bayani. Tana cikin kallona ƙwai ya kama da kansa.

"Habibu ne?"

Na gyaɗa kai.

"Daga can?"

Ta yi dariya har ta riƙe bango, ta miƙa hannu za ta amsa. Wayata tana hannuna, manhajar a buɗe. Ban shirya ba. Tana dannawa na taɓa gilashin da babban yatsa, ƙwai ya mutu. Na ji Habibu a wayar yana cewa ta amsa, ta amsa, tsohon hannu ashe da sauranka. Gwaggo ta dubi ƙwan, ta dubi makunnin.

"Ta yi nauyi, Babana. Da ba ta jinkiri."

Na ce na zamani haka suke. Na ce a raina sati ɗaya, in dawo da wanda ya dace, ba wanda zai sani.

Aikin Doguwa ya ja. Ruwa ya sauka muna can. Abin da ya faru a Yako a lokacin daga baya na harhaɗa shi. Habibu yana yin sallama da safe, Gwaggo ta danna, ba abin da ke faruwa. Ba ta da hanyar sanin ko shi ne ko mutum ne a soro, ba ta kuma da hanyar cewa a shigo. Sai ta tashi da gwiwoyinta masu ciwo, ta ratsa tsakar gida, ta leƙa. Wani lokaci ta tarar da baƙo, wani lokaci ta tarar ya gaji ya tafi yana cewa ta ƙi amsa masa, mafi yawa kuma ba kowa. Shi Habibu da ya ga shiru sai hankalinsa ya tashi, ya sake dannawa, ya sake. Duk dannawa ɗaya tashi ɗaya ne a wurinta. Maƙwabta suka fara ganinta a ƙofar gida sau da yawa a wuni, tana duba hagu da dama, tana tambaya da babbar muryarta wa ke sallama. In an ce ba kowa, sai ta nuna ƙwan soro ta ce to Habibu ne. Su kuma sun san Habibu yana Fatakwal. Suka fara kallon juna.

Ta gaya wa kowa makunninta ya mutu. Dije ta shiga ta danna da kanta, ta ga haka ne, ta sa aka kira Rabi. Rabi ta kira ni, muka haɗu a gidan wata ranar Juma'a da hantsi. Abin da na yi ranar farko zan iya cewa yatsana ya riga tunanina. Wannan kuwa tun a kan babur na shirya shi. Na buɗe manhajar a ƙofar gida, na sa wayar a aljihun gefe, hannuna na hagu a kanta. Na shiga ɗakin, Rabi tana bayana, Gwaggo tana zaune a bakin gado. Na danna makunnin da dama, ƙwai ya kama. Na sake, ya mutu.

"Ga shi yana yi, Inna," Rabi ta tsuguna a gabanta tana faɗa a hankali. "Kin gani? Lafiyarsa ƙalau."

"A hannunsa yana yi."

"To ai hannu hannu ne."

"Ni ma na danna bai yi ba," in ji Dije daga bakin ƙofa.

"Dije, ke da ko fitilar ƙwai sai an kunna miki. Yaya Isiya ne fa ya gwada a gabana."

Na ce wataƙila sabis ne ke yankewa, wataƙila kuma ba a dannawa har ƙarshe. Na faɗi haka ina kallon Rabi, na ba Gwaggo gefen fuskata. Rabi ta raka ni soro ta rage murya, ko da yake ba wanda zai ji, ta ce ita abin ya fara ba ta tsoro, maƙwabta sun gaya mata wasu abubuwa. Na ce Allah ya sawwaƙe, tsufa ne.

Za ku tambaya me ya hana ni komawa a ɓoye in gyara. Ni ma na tambayi kaina. Na shiga Kano na nemi makunni mai ramin, shagon farko babu, na biyu aka ce in dawo. Daga baya na same shi, na saya, na jefa a jakar aiki. Ya zauna a ciki yana bi na Kiru, yana bi na Dangora, duk inda na je aiki. Yako ba nisa. Amma zuwa Yako yana nufin in shiga ɗakin nan in kwance makunnin tana zaune tana kallon hannuna, kuma ita ba a ɓoye wa idonta abu. Kullum sai in ce jibi. Ba ni da amsar da ta fi wannan kyau.

Yana cikin jakar ranar da ta faɗi. Da la'asar ne, an gama ruwa, ƙwai ya kama, ta tashi ta nufi soro, santsi ya kwashe ta a dokin ƙofa. Ƙugu ya goce. Tana nan kwance har wata maƙwabciya ta ji muryarta.

Habibu ya zo. Bayan an dawo da ita daga asibiti aka zauna a soron nan, ni da shi da Rabi da mijinta Malam Sani. Ni ne babba a ɗakin mahaifina, don haka ni aka sa a tsakiya. Habibu ya rame. Bai tsokane ni ba, ya dai ce ya shiga ya danna makunnin Inna bai yi ba.

"Ta lalata shi ne," in ji Rabi. "Wuni take tana dannawa. Ranar da muka zo da Yaya ƙalau yake."

"Haka ne, Yaya?" Habibu ya tambaye ni.

"Dannawa in ta yi yawa suna saki."

"Ni na jawo," in ji Habibu. "An nuna mata, ta gane, har ta amsa mini ranar farko. Daga nan ta rikice. Da na bar ta da abin da ta saba."

Malam Sani ya ce ba laifin kowa ba ne, mahaifiyarsa ma haka ta fara, da mantuwar ƙananan abubuwa, sai musu, sai fita. Ya ce ɗaki yana nan a gidansa. Suka juyo gare ni. Ina zaune ƙarƙashin farin makunnin, jakata tana jingine da ƙafata. Na ce zamanta ita kaɗai ba zai yiwu ba kuma.

Ni na ɗauki akwatinta zuwa mota. An sayar da awakin, an ba maƙwabta ajiyar makulli. Da aka fito da ita a kan kujera ta sa aka tsaya a soro, ta miƙa hannu ta danna makunnin wurin, ƙwai ya kama, ta danna ya mutu.  Dije tana tsaye a waje da ƙwaryarta a ka, har motar ta tashi ba ta sauke ba. Da na zo wucewa ta ce, "Mai wuta, sai yaushe?" Na ce sai Allah ya yi. Ta ce, "Ni dai na danna." Habibu ya goge manhajar daga wayarsa a ranar. Ni ban goge tawa ba, ban kuma ƙara buɗe ta ba.

Na yi ta aikina. Ba zan ce muku na kasa barci ko na kasa cin abinci ba, don ƙarya ne. Na ci, na yi barci. Mutum yana iya ajiye abu irin wannan a gefe kamar yadda na tura wayar nan cikin bango.

Sai bayan an gama girbi na je Tudun Wada duba ta, shi ma don mahaifiyarku ta matsa ne. Ba a wulaƙanta ta ba, kada ku ɗauka haka. Ɗakinta fes, abincinta a kan lokaci. Amma na tarar an daina yi mata magana. Ana yi a kanta, ana yi a gefenta, ba mai tsayawa a haske ya fuskance ta, tunda an riga an yanke cewa ba ta ganewa. In ta faɗi abu sai a ce to, Inna, a wuce. Ta sa an juya mata katifa tana fuskantar ƙofa, wuni take idonta a kan labule, don kada a shigo mata ba ta sani ba. Muryar nan da ke cika unguwa ta ragu. Na tsuguna na gaishe ta, ta kama hannuna ta jawo ni kusa.

"Babana, kai ne mai aikin wuta, kuma kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Hannuna ne ko kaina ne?"

Ta ƙara riƙe hannuna, ta ci gaba.

"In kaina ne ka gaya mini, in daina musu da yara. Kai zan yarda. Yanzu ko salla na idar sai in ce anya, in sake. Jiya azahar sau uku na yi ta. Tunda na ga abu da idona aka ce ba haka ba ne, me kuma zan riƙe?"

Na juya fuskata wajen ƙofa kamar ana kirana, na ce bari in ga Malam Sani. Na fita ban dawo ɗakin ba. A mota, daga Tudun Wada har Bebeji, ba maganar faɗuwar ce ta tsaya mini ba, ba kuma ta awakin ba. Azahar ɗin nan ce. Matar da ta rasa ji tana da ƙuruciya ba ta taɓa shakkar kanta ba, ta riƙe gida, ta aurar, ta binne miji. Ni na sa ta tana sake salla.

Washegari na je Yako na karɓi makulli. Ciyawa ta bushe a tsakar gidan, zogalen ya yi tsawo ba mai yanka. Na shiga ɗakin na kwance makunnin na sa a aljihu. Daga nan, ina tsaye a soro, na kira Habibu na gaya masa komai bi da bi: hoton da na zaɓa, tef ɗin, yatsana a ranar farko, aljihuna a ranar Juma'a, da abin da ke cikin jakata ranar da muka zauna. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce:

"Yaya, wata nawa ina cewa ni na rikita uwata."

"Na sani."

"Da ka ce ba ka iya ba, dariya kawai zan yi."

"Ita na guda."

Ya kashe. Muna gaisawa har yau, yana yi mini duk abin da ake yi wa babban wa. Amma tun daga ranar bai ƙara ce mini tsohon hannu ba. Malam Isiyaku yake cewa, ya tambayi iyali, ya yi sallama.

Gwaggo ba ta koma Yako ba. Ƙugun bai ƙara ɗaukarta ba, gidan kuma da ya kwana biyu ba mutum sai ɗakin ya fara zuba. Na ɗaura mata makunnai biyu a gidan Rabi, irin na da, ba na waya ba, ta yi amfani da su shekara biyu kafin rasuwarta. Na zaga unguwarsu a Yako gida gida na faɗi abin da na yi, na je har rugar su Dije. Wasu sun ji, wasu sun riga sun saba da labarin farko, ya fi daɗin bayarwa, shi ne ya iso kunnenku. Duk wannan daga baya ne. Abin da zan rufe da shi shi ne ranar da na koma Tudun Wada da makunnin a aljihu.

Na roƙi Rabi ta tara mutanen gidan, har yaran, a ɗakin. Na ɗaga labule haske ya shigo. Na ciro makunnin na sa wa Gwaggo a hannu. Ta gane shi nan take, gefensa ya yi baƙi da shekarun yatsanta. Ta danna, ya yi ƙara. Na juya mata bayansa. Ta duba ramukan, ta sa farce a ciki ɗaya bayan ɗaya, ba waya, ba guntun waya, sai ƙura. Ta daɗe tana dubawa. Rabi ta fara tambaya me ke nan, na ce ta saurara. Na durƙusa a gaban katifar, na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi a gaban manya, na faɗi duk abin da na zo faɗa, ina kallon tabarma. Na ji Rabi ta ja numfashi, na ji Malam Sani yana salati a hankali. Na kai ƙarshe. Sai na ji sanyin makunnin a haɓata, tana ɗago ni da shi.

"Babana, kowa ya ji ban da ni. Ƙeyarka kawai na gani. Ɗago ka sake."

Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba tun da na girma. Na ɗago, na gyara zama inda hasken ƙofa ke dukan fuskata, na buɗe baki sosai yadda take so, na yi a tsanake.

"Gwaggo, ba hannunki ba ne, ba kanki ba ne. Ni na zare wayar. Kin faɗi gaskiya tun ranar farko, na ƙaryata ki a gaban 'ya'yanki don kada a yi mini dariya. Sallarki ɗaya ta isa. Ki yafe mini."